Abin da muka tattara game da fita teku da jirgin ruwa mai ɗakuna

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ga taƙaitaccen abin da aka faɗa a kan tambayar ɗan'uwanmu na unguwar Nima da ke Accra, ƙasar Ghana, wanda ya so ya san ko jirgin da aka gina masa ɗakunan kwana kamar gida zai iya tafiya a tsakiyar teku.

1. Mafi yawan masu magana sun ce bai dace ba, domin ƙasan irin wannan jirgi a shimfiɗe yake, bai nutse sosai cikin ruwa ba, ga ɗakunan sun yi tsayi suna tare iska, saboda haka igiyar ruwa ɗaya daga gefe tana iya kifar da shi. Manyan tagoginsa na gilashi ma ba za su jure dukan igiyar ruwa ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku a Jamestown da ke Accra ya ga yadda kwale-kwalen masunta ke miƙewa tsaye kafin ya tsallake igiyar gaɓa ya san abin da ake nufi.

2. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, injin irin wannan jirgi kuma ƙarami ne.

3. An rabu a kan bin gaɓa. Wasu na ganin za a iya lallaɓawa daga Tema zuwa Ada idan ruwa ya kwanta, wasu suka ce mashigar kogin Volta da ke Ada tana da tudun yashi mai haɗari, kuma ni na fi karkata ga na biyun.

4. An yarda cewa tafkin Volta ya fi dacewa, sai dai a kiyayi kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965.