Bambancin matsayin haɗari a Microsoft Entra ID Protection

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da asusun ma'aikata a wani ƙaramin kamfani, kuma jiya na ga asusu biyu da Entra ID Protection, wato tsarin Microsoft mai gano asusun da ake zargin an yi wa kutse, ya nuna suna cikin haɗari. Mene ne bambanci tsakanin in yi watsi da haɗarin da in tabbatar cewa an yi wa asusun kutse?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, idan ka tabbatar da kutse, tsarin zai ɗaga haɗarin mai asusun zuwa mataki mafi girma daga cikin matakai uku, sannan dokokin shiga da ka kafa su fara aiki a kansa, ko su toshe shi ko su tilasta masa sauya kalmar sirri. Yin watsi kuwa yana share alamar ne kawai, kalmar sirrin tana nan yadda take, saboda haka idan da gaske ta fita, ɓarawon bai rasa komai ba.

Amsa ta biyu: Ina ƙarawa da cewa haɗarin shiga guda daban yake da haɗarin mutumin kansa. Na farkon yakan warware idan mai asusun ya tabbatar da kansa ta hanya ta biyu, kamar manhajar Authenticator, na biyun kuma sai an sauya kalmar sirri. Daga nan matsayin yakan koma wanda aka magance.

Mai tambaya: Na gode. Ɗaya daga cikin masu asusun tafiya ya yi, wataƙila shiga daga sabon wuri ne ya jawo alamar, zan kira shi kafin in taɓa komai.