Karena ya ji wa karen maƙwabci ciwo, wa zai biya kuɗin magani?

Ɗan Dogon Dutse:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema, abin nan ya tsaya min a rai. Ina da karen gadi shekararsa uku, ruwa biyu ne Alseshan da na gida, kullum bayan asuba nake fita da shi wajen duwatsun bayan unguwa. Ranar Asabar da na duba ba kowa sai na kwance masa sarƙa, ashe karen wani dattijo maƙwabcinmu na wajen, shi dama kullum a sake yake yana bin bola, kafin ka ce kwabo nawa ya cafke shi a wuya ya kayar, da ƙyar na raba su da sanda kuma ƙafarsa ta gaba ta yage sosai jini sai ɗiga yake kan dutse yana wani irin kuka da har yanzu ina jin sa a kunnena. Ɗan Baban ya kai shi asibitin dabbobi aka yi ɗinki, yanzu an kawo min rasit na dubu 58. Abokaina sun ce ko sisi kar in bayar tunda shi ma bai ɗaure nasa ba. Ni kuma Baban nan ina ganin girmansa. Ya zan yi?

Maman Abba:
Wa alaikumus salam ɗana. Tambaya ɗaya zan maka ka faɗi tsakaninka da Allah, karen nan ya taɓa kai wa wani abu hari a baya?

Ɗan Dogon Dutse:
Gaskiya Mama bara ya taɓa cizon akuya, har mai ita ya zo ya min magana.

Na Farin Gada:
To ɗan'uwa wannan amsar ita ce gaba ɗaya maganar. Ni shari'a na karanta. A dokar diyya da muka gada daga Ingila ana ɗaukar kare dabbar gida, don haka abin da alƙali zai fara tambaya shi ne ka san yana da halin kai irin wannan farmaki ko ba ka sani ba, in ka sani alhaki ya hau kanka. Ko ba wannan ma akwai sakaci, kai ne da hannunka ka cire sarƙar kuma a fili ba cikin gidanka ba. Sakin da Baba ya yi wa nasa shi ma sakaci ne, kotu na iya rage abin da za ka biya saboda shi, amma ragewa daban yafewa daban. Da a ce karensa ne ya kutsa ta get ɗinka ya tarar da naka a ɗaure da sai in ce ba ruwanka.

Bukuru 1:
Ni kam ban yarda ba wallahi. Masu sakin karnuka sun ishe mu, da dare su yi ta haushi su tone shara su bi 'yan makaranta da gudu, ba abinci ba allura, sai ranar da abu ya faru mutum ya tuna ai karensa ne ya zo da rasit. A raba biyu kawai kowa ya ji a jikinsa.

Almajirin Gangare:
Malam bari in ƙara ta ɓangaren addini, don wasu za su ce ai kare ne ba shi da diyya. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce an hana sayar da karnuka, an yi saɓani kan wanda aka halatta riƙewa, amma wanda ya kashe irin wannan zai biya ƙimarsa, ka ga ba abin banza ba ne. Haka hadisin da ke Buhari da Muslim cewa raunin da dabba ta yi ba ramuwa, malamai sun ɗauke shi a kan dabbar da ba kowa tare da ita kuma mai ita bai yi sakaci ba. Kai kana tsaye a wurin, kuma an taɓa maka gargaɗi kan akuya, wannan gargaɗin malamanmu na Malikiyya suna ba shi nauyi sosai a maganar kare mai cizo. Ka je ka samu Baba da kanka, kar ka aika yaro.

Mai jinyar dabbobi:
Kowa na ta kuɗi ni hankalina na kan ciwon haukan kare. Karen da ke kwana a bola da wuya a ce an masa rigakafi, kuma cutar ta yawu take bi, to a kokawar nan wa ya tabbatar bai ciji naka ba ko kai bai yakushe ka ba? Ka duba jikin karenka yau a cikin gashi, wuya da kunne, ka nemo katin allurarsa ka kai shi wajen likita. Duka biyun a killace su ana lura da su, wanda ya yi cizo kwana 10 ake sa masa ido. In akwai ko ɗan ƙwarzane a hannunka ka wanke da sabulu da ruwa minti 15 ka wuce asibiti kar ka jira, don in alamu suka fito kusan ba mai tashi. Abin takaici ga garin Vom nan kusa da mu a Jos, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa tun 1924 take wajen kuma suna haɗa allurar, amma mutane sai su bar kare shekara da shekaru ba rigakafi.

Ɗan Dogon Dutse:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya bayan la'asar na je tare da mai unguwa, na tarar da karen kwance kan buhu a zaure da bandeji ko tashi bai iya yi. Na ce Baba laifina ne na kwance shi ka yi haƙuri, ya yi shiru can ya ce shi ma da nasa. An tsaya zan biya dubu 40 a biya biyu, ɗansa zai gyara ƙyauren gidan da karen ke fita ta ƙasansa. Katin nawa ashe allurar ta wuce da wata biyar, gobe da safe zan kai shi, na ce su ba ni nasu ma in tambayi likita yaushe za a iya yi masa.