Neman kalmar Hausa: me za mu kira hanyoyin ruwan ƙauyen Giethoorn?

Mai Shirin Rediyo:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina da shirin da zai fita ranar Juma'a da yamma, kuma dole in miƙa rubutunsa kafin azahar ɗin Alhamis. Shirin a kan Giethoorn ne, wani ƙaramin ƙauye da ke lardin Overijssel a ƙasar Holan, wanda mutanensa ba su kai 3,000 ba. Tsohon ɓangaren garin ba shi da titin mota, sai siririyar hanyar ƙafa da keke, sai kuma ruwa da ya bi ta ƙofar gidaje, shi ya sa baƙi kan yi hayar ƙaramin jirgi su tuƙa da kansu su zaga garin. Abin da ya tsaya mini shi ne kalmar canal, wadda ta cika rahoton da nake fassarawa. Ba kogi ba ne, domin mutane ne suka haƙa shi, kuma ruwan a kwance yake. Na fara rubuta "magudanar ruwa", amma da na karanta a bayyane sai na ga mai sauraro zai kawo lambatu a ransa, alhali wurin da ake magana a kai wuri ne mai tsabta da ban sha'awa. Kalma ta biyu ita ce sunan jirgin hayar mai aiki da batir, wanda mutanen can ke kira fluisterboot, ma'ana jirgi mai raɗa. Ina neman taimakonku.

Tsohon Ɗan Jarida:
Wa alaikumus salam, Malama. Ai wannan an daɗe da gama ta a ɗakin labarai. Lokacin da katafaren jirgin dakon kaya ya toshe Suez a watan Maris na 2021, "mashigin ruwan Suez" aka yi ta faɗa, kuma babu wanda ya ruɗe. Ki yi amfani da mashigin ruwa ki wuce.

Malamar Nahawu:
Ranka ya daɗe, ban yarda mashigi ya dace a nan ba. Mashigi wuri ne da ake ratsawa don a fita daga wani sarari a shiga wani, shi ya sa ya zauna wa Suez daram, tun da Bahar Rum da Bahar Maliya ya haɗa. Amma da wannan kalmar muke kiran Hormuz na bakin Tekun Fasha, wanda ba wanda ya haƙa shi, ke nan ba ta ɗauke da ma'anar haƙa ko kaɗan. Ruwan da Malama ke magana a kai kuwa unguwa ce guda mutane ke zaune a bakinsa. Ni "haƙaƙƙiyar hanyar ruwa" zan ce, ko da ta yi tsawo.

Manomin Kura:
Malama, mu nan Kura da Kadawa kanal muke cewa, tun da aka kawo mana ruwan madatsar Tiga muke noman rani da shi. Yaro da babba, mace da namiji, kowa ya san babban kanal da ƙaramin kanal. Ban ga abin wahalar da kai ba a kan kalmar da ta riga ta zauna a bakin mutane.

Mazaunin Zwolle:
Bari in faɗi abin da na gani da idona, ko zai taimaka wajen zaɓe, domin ina zaune kusa da wurin kuma na kai iyalina a bazarar da ta wuce. Ruwan da ya ratsa tsakiyar garin ƙunci gare shi, ta yadda idan jirage biyu suka haɗu sai kowa ya raɓe dama, kuma zurfinsa bai fi kamar mita 1 ba. Mai ba da hayar bai tambaye ni lasisi ba, sai ya ba ni taswira, ya nuna mini sandar tuƙi, ya ce in tuna cewa idan na tura ta hagu hancin jirgin dama zai yi. Na ce na gane, amma a kwanar farko sai da na goga gefen jirgin da katakon da aka tokare gaɓa da shi. Gudun da aka yarda a cikin gari bai wuce kilomita 6 a awa ba, injin kuma ba ya ƙara, har muna jin motsin agwagi a cikin ciyawa da hirar mutanen da ke zaune a lambunansu.

Gidajen masu rufin jinka ne, da yawansu kowanne a kan ɗan tsibirinsa, kuma gadojin katako sama da 170 ne suka haɗa su da hanya. An ɗaga gadojin sama domin jirgi mai kaya ya wuce ta ƙasa, tun da a da ta ruwan ake ɗaukar ciyawa har da shanu. Asalin ruwan kuwa haƙa ce. Mutanen farko sun riƙa yankar wata baƙar ƙasar fadama, ruɓaɓɓun tsirrai da suka daɗe a danne, suna shanya ta su yi makamashi da ita. Ramukan suka cika da ruwa suka zama tafkuna irin Bovenwijde, aka kuma haƙa hanyoyi don fitar da kayan. Da na ji wannan bayani sai na tuna kududdufan Kano, waɗanda su ma ɗibar ƙasar gini ce ta haife su. Wani abin lura shi ne su mutanen Holan ba kalma ɗaya gare su ba: na cikin gari gracht ne, babba na sufuri kanaal, ƙarami na tsakanin gonaki sloot. Ni da zan ba mahaifiyata labari, cewa zan yi lungunan garin na ruwa ne.

Baba Malami:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma raina bai so yadda aka yi saurin miƙa wuya ga kanal ba. Shekara da shekaru ina koyar da Hausa, kuma na daɗe da ajiye wa wannan abu suna: rafin hannu. Rafi ne, amma hannu ne ya yi shi, kamar yadda muke cewa aikin hannu ko ɗinkin hannu. Gajera ce, mai daɗin faɗa, jam'inta rafukan hannu, kuma ba mu roƙi kowa ba. Rediyo ce ke raya kalma ko ta kashe ta. Idan Malama ta faɗe ta ranar Juma'a, ta shiga kunnen dubban mutane ke nan.

Malamar Nahawu:
Baba, ginin kalmar ba shi da aibi, kuma na yaba. Damuwata ita ce rafi a wurin jama'a da yawa ba ruwan kaɗai yake nufi ba. Idan aka ce wane ya tafi rafi, galibi lambu ake nufi, wurin albasa da tumatir. Mai sauraro zai iya ɗauka cewa rafin hannu lambu ne da ake ba ruwa da hannu.

Baba Malami:
'Yata, kowace sabuwar kalma da baƙunta take farawa. Waɗanda suka ba mu jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba su tsaya jin tsoron ruɗani ba. Abin da ke damuna shi ne mun zama masu kunyar harshenmu, duk abin da Bature ya furta sai mu lanƙwasa shi mu ce ya zama Hausa. Harshen da aka rubuta waƙoƙi da wa'azi da shi a ajami tun kafin zuwan boko bai rasa sunan ramin ruwa ba.

Manomin Kura:
Baba, da girmanka, ba kunya ce ta sa muke cewa kanal ba. Mu ne muke shiga cikinsa da safe mu buɗe ruwa, mu ne muke yashe shi. Idan aro laifi ne, to a fara da mota da kwalbati da makaniki. Ba daidai ba ne a ce Hausar wanda ke aji ta fi ta wanda ke gona.

Ɗan Damagaram:
Ina goyon bayan ɗan'uwana na Kura. Mu ma a Nijar kanal ɗin muke ji, ta hanyar Faransanci ta shigo mana. Kalmar da Kano da Damagaram suka haɗu a kanta ba tare da wani kwamiti ya zauna ba ta cancanci a girmama ta. Kuma ina roƙo a daina yanke wa Hausa hukunci kamar iyakarta Najeriya.

Bahaushen Sudan:
Idan haka ne, mu ma a saka mu a lissafi. A gonakin Jazira tur'a muke cewa, daga Larabci, kuma wanda ya tashi a can kanal baƙuwa ce a kunnensa kamar yadda rafin hannu take.

Baba Malami:
To kun gani. Kowa ya ari ta maƙwabcinsa, mun tashi da kalmomi biyu da ba namu ba. Rafin hannu ce kaɗai Bahaushen Kumasi da na Wad Madani ta Sudan za su iya warware ma'anarta da kansu.

Mai Shirin Rediyo:
Na gode ƙwarai, malamaina, amma lokaci ya matso, dole in tsayar da magana. A farkon shirin zan ce "hanyoyin ruwa da aka haƙa, irin waɗanda manoman rani ke kira kanal", domin mai sauraro ya san abin da ake nufi. Daga nan zan riƙa cewa "lungunan ruwa" duk inda ake maganar zagaya cikin gari, saboda bayanin ɗan'uwanmu na Zwolle ya nuna mini cewa aikin lungu suke yi: ta nan ake zuwa gida, ta nan ake kai kaya. Baba, ka gafarce ni, ba zan iya gwada sabuwar kalma a shirin minti 10 ba tare da na tsaya fassara ta ba. Har yanzu kuma babu wanda ya taɓa maganar jirgin.

Mazaunin Zwolle:
Jirgin gargajiyar garin, wanda suke kira punter, shi ne ya fi kama da kwalekwale, domin da doguwar gora ake tura shi. Na hayar ya fi faɗi, yana da kujeru. "Ƙaramin jirgi mai batir" ya wadatar, sai ki ƙara da cewa mutanen can na kiransa mai raɗa.

Malamar Nahawu:
Na amince da lungunan ruwa a wannan shirin kawai. Ranar da labarin babbar hanyar ruwan Panama ya zo, lungu ba zai ɗauke shi ba, sai mun sake zama.

Baba Malami:
Shirinki ne, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Lungun ruwa aƙalla Hausa ce, don haka ba zan ja ba. Amma kanal ɗin nan da za ki ambata a farko ban so ba, kuma ni a ajina rafin hannu zan ci gaba da koyarwa.