Kwandastan sa kai a gidan tarihin Crich

Shawarwarin tsofaffin hannu ga mai son aikin kwandasta kyauta a Crich, gidan tarihin jiragen titi masu lantarki (motocin haya masu tafiya a kan dogo) da ke Derbyshire a Ingila, sun fi karkata kan ƙararrawa. Ita ce bakinka da direba, don haka kada ka kaɗa ta sai ka ga ƙafar fasinjan ƙarshe ta bar matakala. A ganina nan ne aikin yake.

Tikiti kuwa da sauƙi: baƙi na biya da tsohon kwabon da aka ba su a ƙofa, kai ka huda musu tikiti. Sun ce ka tanadi takalmi mai ƙwari da rigar sanyi, domin wurin tsohuwar mahaƙar dutse ce a kan tudu. Mai kwaɗayin tuƙi ya yi haƙuri, daga kwandasta ake farawa.