Dillali ya sayar da hannun jarina ban sani ba: wa ya taɓa karɓo kuɗinsa?

Malamin makaranta mai ritaya, Yantala:
Salamu alaikum ƴan uwa. Kuɗin sallamata na zuba a hannun jarin Sonatel, kamfanin sadarwa na Senegal, da na bankin BOA Niger, ta hannun wani kamfanin dillanci da hedikwatarsa ba a Nijar take ba. Bana lokacin rabon riba na ji shiru. Da na matsa aka turo mini takardar asusu, sai na tarar an sayar da rabin Sonatel ɗina tuntuni, an sayi wasu kamfanonin da ban taɓa jin sunansu ba. Yaron da ke kula da ni ya ce wai a waya na ba shi izini. Wallahi ban ba shi ba. Wanda irin wannan ta taɓa samu ya gaya mini ta ina ya bi.

Hajiya mai atamfa, Babbar Kasuwa:
Malam, sannu. Ka fara duba takardar da ka sa wa hannu ranar buɗe asusu. Iri biyu ce. Akwai wadda kai ke ba da umarni kafin a saya ko a sayar, akwai kuma wadda ka danƙa musu wuƙa da nama su juya kuɗin yadda suka ga dama. Tawa ta farkon ce, shi ya cece ni. An sayar mini da jari ina Makka. Da na dawo ban tsaya cacar baki da yaron buro ba, ɗana ya rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa ga shugaban kamfanin, muka ce a nuna mana takardar umarnin da ke ɗauke da sa hannuna. Aka buga mana hatimi a kan kwafinmu, da kwanan wata. Suka yi ta kwana-kwana, yau mai sa hannu ya yi tafiya, gobe kwamfuta ta lalace. Sai muka sake rubutawa, muka ce za mu kai ƙara AMF-UMOA a Abijan, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari da dillalanta, wadda ake ce wa CREPMF kafin 2022, ita ke ba su lasisi, ita ke iya ƙwacewa. A makon suka kira ni. Sun maido mini hannun jarina cif, amma ribar shekarar da ta wuce ni sai rabi suka biya, na karɓa don na gaji.

Ɗan kasuwar albasa, Tawa:
Ku dai kun yi sa'a, naku dillalin gaske ne. Mu nan wani ya zo muna da kwat da jaka, ya ce shi wakilin BRVM ne, kasuwar hannun jari ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin CFA. Bayan munka saida albasar Galmi munka haɗa kuɗi munka ba shi, yana ba mu rasit mai tambari. Wata ukku yana biyan riba, na huɗu waya ta mutu. Da munka tahi Yamai ofishin BRVM anka ce muna kasuwar ba ta amsar kuɗin kowa hannu da hannu, sai ta kamfanin dillanci mai lasisi, wanda ake kira SGI, kuma sunanshi babu shi cikin jerin. Munka kai ƙara wajen ƴan sanda na PJ masu binciken laifi, anka kama shi. Kotu ta ce ya biya. Da mi zai biya? Mota guda anka samu, mu ko mun fi ashirin. Abin da ya zo hannuna bai kai jika ɗari ba.

Ma'aikacin banki, Plateau:
Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma bari in faɗi abin da ba a son ji: ba kowace asara ce laifin dillali ba. Daga 2016 zuwa 2020 kasuwar BRVM faɗuwa ta yi ta yi, wanda ya sayar a tsakanin ya ji jiki, kuma ba alƙalin da zai biya shi. Abin da ake biya shi ne sayarwa ba umarni, ko riƙe maka riba, ko yawan saye da sayarwa don kawai a tara kamasho. Wannan na ƙarshen shi ya samu yayata. Jarin bai wani faɗi ba, amma duk mako sai an juya shi, kamasho na cin uwar kuɗin. Na zauna da takardun cinikin ɗaya bayan ɗaya ina jan layi da jan biro, shafi ya yi ja wur. Da na tambaya, mutumin ya ce ai wani jarin ne ya zube da kashi 20 a yini guda. Nan na kama shi, don a BRVM farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 7,5 a rana. Lauya muka ɗauka, maganar tana Kotun Kasuwanci ta Yamai, ba a yanke ba tukuna. Malam, kai ma ka duba ƙarshen yarjejeniyarka, wasu suna rubuta cewa in rigima ta tashi kotun ƙasarsu ce za ta saurara, kuma wannan kaɗai ya isa ya ninka maka kuɗin lauya.

Malamin makaranta mai ritaya, Yantala:
Na gode ƙwarai. Na tono takardar daga ƙasan akwati, irin ta Hajiya ce, ba inda na ba su izinin juya kuɗi. Sai dai kotun da aka rubuta ta Abijan ce, kamar yadda ƙanena na banki ya yi hasashe. Yau da safe yaron ya kira, murya ta yi laushi, wai in zo mu sasanta kada manya su ji. Na ce ya rubuto. Hajiya, in ɗanki yana da kwafin wasiƙar nan ta farko, a taimaka mini da ita, jikata za ta zo shagonki ta karɓa bayan la'asar.