Kwale-kwalen katako yana yoyo, ta yaya ake gano wurin?

Ɗan Yauri: Salamu alaikum. Kwale-kwale yana shan ruwa amma ba a ganin tsaga. Yaya ake gano wurin, kuma da me ake toshewa?

Baban Masunta: Wa alaikumus salam, ɗana. Ku jawo shi tudu, ku ɗora kan gungume 2, ku zuba ruwa ciki kamar tsayin yatsa 4. Kada ku cika shi, nauyin ruwa yana buɗe haɗin katako. Ku leƙa ƙasa, inda ya ɗiga ku sa alama da gawayi. Ruwa yakan bi haɗi ya fito nesa da ramin, don haka ku duba taƙi guda kowane gefe.

Kafinta: Gaskiya ne, Baba. Sannan a bar shi ya bushe a inuwa kwana 2 ko 3, domin kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako. A kankare tsohuwar kwaltar, a cusa auduga a wurin da ke yoyo da ƙarfe marar kaifi, a shafa narkakkiyar kwalta. Kada a matse audugar sosai, katako zai kumbura a ruwa ya tsage.

Na Baga: A duba ƙusoshi ma. Wadda ta yi tsatsa a cire, a buga ɗan itace a raminta. Inda bakin wuƙa ya nutse, katakon ya ruɓe, sai canji.