Sujadar iyali ta ƙi zama a gidanmu, ina neman shawara

Salama gare ku ƴan'uwa cikin Almasihu. Ni tela ne a Damagaram, kusa da kasuwar Dole. Damuwata ita ce sunan Yesu ya koma na ranar Lahadi kawai a gidana. Sauran kwanakin, keken ɗinki da lakwal ɗin yara sun cinye.

Mun fara sa sujadar da asuba, lokacin da ladan ke tada unguwa. Sai dai wanda ya san Zinder ya san sha'anin ruwa: in famfo ya kawo a lokacin, uwargida da manyan yara sai su yi waje da jarkoki, a bar ni da Littafi Mai Tsarki a buɗe. Ban ga laifinsu ba. Muka mai da ita bayan tuwon dare, ƙananan suna gyangyaɗi tun ban gama aya ta biyu ba, musamman lokacin zafi in an ɗauke wuta. Na sa musu karatun Linjila na murya a waya, ya zama rigimar wa zai riƙe wayar.

Fastonmu ya nuna mini Kolosiyawa 3:17, cewa duk abin da muke yi, magana ko aiki, mu yi shi cikin sunan Ubangiji Yesu. Na yarda, amma yaron shekara 6 ba zai koyi wannan daga iska ba.

Ku da kuke da ƙananan yara, wane lokaci da wane tsari ya ɗore muku a ranakun aiki? Na gode.